Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Kan Raja na Surajpura

Assalamu alaikum Malam,

A taron marubuta na makon jiya ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake kwaɗaita wa ɗalibai karanta rubuce-rubucen Raja Radhika Raman Prasad Singh, marubucin harshen Hindi na ƙasar Indiya, alhali da gumin manoma ya rayu. Lokaci ya ƙure mana, to ga amsata.

Ba zan wanke shi ba. An haife shi a 1890 a gidan masu ƙasa na Surajpura, a gundumar Shahabad ta Bihar, ƙasar Indiya. Tun 1793 Turawan Ingila suka ɗora irin waɗannan gidaje a wuyan manoma: talaka ya noma ya kai kuɗin haya, zamindar, wato mai ƙasar, ya cire nasa ya miƙa wa hukuma nata. Da wannan kuɗi aka kai shi karatu Kalkata. Sai a 1950 Bihar ta yi dokar rushe tsarin.

Amma Malam, don Allah ka nemi gajeren labarinsa na 1913, Kanon Mein Kangna, wanda mujallar Indu ta Banaras ta buga. Wani mutum ne ya auri 'yar wani mai gudun duniya, daga baya wata mai rawa ta ɗauke masa hankali. Ya dinga kwashe kayan adon matarsa ɗaya bayan ɗaya yana kai wa waccan, har ya kai ga awarwaron da take ratayawa a kunne. Baƙin ciki ya kashe ta. Marubucin bai cika shekara 25 ba a lokacin, kuma da bakin mijin ya ba da labarin, bai nema masa uzuri ko ɗaya ba. Irin wannan ɓarna ta masu hali, manomi daga bayan katanga yake jin ƙishin-ƙishin ɗinta. Shi kuwa a cikin gidan ya tashi, ya gani da idonsa, kuma ya ƙi rufa wa mutanensa asiri. Wannan ne ya sa nake girmama alƙalaminsa.

Daga baya koyarwar Gandhi ta ja shi ga hidimar waɗanda ake ƙyama saboda asalinsu. Ya samu lambar girmamawa ta ƙasar Indiya, Padma Bhushan, a 1962, ya mutu a 1971.

In kukan manomi kake nema, yana cikin Godan, littafin da marubucin Hindi Premchand ya fitar a 1936. Ɗalibaina duka biyun nake ba su, kuma kafin su buɗe na Raja sai na faɗa musu inda kuɗin gidan su Raja yake fitowa.

Wassalam.