Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyarmu ta masu shirin jarrabawar lasisin aikin jinya

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu ba ƙungiya shawara, malamanmu nas-nas da ke sadaukar da ranakun hutunsu dominmu, da 'yan'uwa membobi maza da mata, a madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar muku da bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada. Mafi yawanmu masu jin Hausa ne daga Nijeriya, Nijar, Gana da Togo, mazauna Bronx da kewayenta a birnin New York, kuma da yawa suna aikin kula da tsofaffi a gidajensu ko a gidajen jinya, suna haɗa shi da karatun LPN, wato ƙaramin nas mai lasisi. Abin da ya tara mu shi ne jarrabawar NCLEX-PN, wadda babu mai samun wannan lasisi sai ya ci ta.

Babban aikin bana shi ne sauya yadda muke karatu. Tun ranar 1 ga Afrilu, 2023, hukumar NCSBN mai shirya jarrabawar ta shigo da sabon tsari wanda ke auna yadda ɗalibi ke yanke hukunci a kan majinyaci, maimakon tsayawa a kan abin da ya haddace. Tambayoyin suna kaiwa daga 85 zuwa 150 cikin sa'o'i biyar, kwamfuta tana zaɓo kowace tambaya gwargwadon amsoshin da suka gabata, kuma akwai labaran majinyata uku da kowane ke ɗauke da tambayoyi shida. Tambayoyin nan shida suna bin hanyar da nas ke bi a bakin gado: ya lura da alamomi, ya fahimci abin da suke nunawa, ya ware matsalar da ta fi gaggawa, ya tsara abin yi, ya aikata, sannan ya dawo ya duba ko abin ya yi amfani. Mu kuwa mutane ne da muka tashi da hadda, tun daga makarantar allo, kuma haddar ta yi mana rana wajen riƙe sunayen magunguna da ƙididdigar jini. Sai dai kwamiti ya lura cewa wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa hadda su ne ke tuntuɓe idan aka sa musu majinyaci a gaba, don haka muka mai da zaman ƙarshen mako ya zama na labarin majinyaci ɗaya, a warware shi daga farko zuwa ƙarshe.

Labarin da ya fi daɗewa ana magana a kansa shi ne na tsohuwa mai ciwon zuciya da ke shan digoxin, maganin zuciya, tare da furosemide, maganin da ke sa fitsari. A takardar da malamarmu ta raba, tsohuwar ta ƙi cin abincin safe, tana kukan tashin zuciya, ta ce fitilar ɗaki ta koma mata rawaya, bugun zuciyarta 54 a minti, sinadarin potassium na jininta kuma 3.1. Kusan kowa a zauren ya san cewa daidai shi ne tsakanin 3.5 da 5.0, kuma ya san ana dakatar da digoxin idan bugu ya gaza 60, amma da aka tambayi abin da za a fara yi, hannaye da yawa sun tafi ga maganin tashin zuciya. Malamar ta sa muka bi zaren da kanmu: furosemide na zubar da potassium, ƙarancinsa na ƙara ƙarfin digoxin a jiki, tashin zuciya da ganin rawaya kuwa alamun gubar maganin ne. Abin yi shi ne a saurari bugun a ƙirji na minti ɗaya cikakke, a riƙe maganin, a sanar da babbar nas nan take. Duk bayanan suna kanmu tun kafin zaman. Haɗa su wuri ɗaya ne aikin da muka shekara muna koya.

Haka nan muka ɓata lokaci mai yawa, kuma ba mu yi nadama ba, a kan tambayar wanda za a fara dubawa idan majinyata sun yi yawa. Zuciya takan ja mutum zuwa ga mai ɗaga murya yana kukan ciwo, alhali wanda aka yi wa allurar morphine, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, ya yi shiru, yana numfashi sau 9 a minti kuma yana da wuyar tashi, shi ne ke bakin halaka. Mun nanata ƙa'idar hanyar iska, sai numfashi, sai gudanar jini, mun kuma nanata cewa sabon sauyi ya fi tsohuwar matsala gaggawa. Membobinmu masu aiki a gidajen tsofaffi sun taimaka ƙwarai a nan, domin sun san cewa idan dattijon da jiya ya gaishe ka da sunanka ya wayi gari a rikice, ba a ɗora laifin a kan tsufa, ana neman zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin iska ko faɗuwar suga.

Akwai wani al'amari da ya shafe mu musamman, wanda kwamiti ke ganin ya kamata a faɗe shi a fili. An rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma wannan tarbiyya ce da muke alfahari da ita, amma tana sa wasunmu jin nauyin kiran likita da tsakar dare ko komawa wurin babbar nas karo na biyu. LPN yana aiki ne ƙarƙashin jagorancin babbar nas ko likita, kuma da yake shi ne ya fi daɗewa a gefen majinyaci, sau da yawa shi ke fara ganin sauyi. Idan ya yi shiru, sauyin ba zai isa ga mai yanke shawara ba. Saboda haka muka riƙa gwajin kai rahoto da tsarin SBAR, mutum biyu-biyu, ɗaya nas ɗaya likita mai gaggawa: a faɗi abin da ke faruwa, a kawo tarihin majinyaci a taƙaice, a faɗi abin da aka gani da awo, a bayyana abin da ake nema. Mun ga 'yan'uwa mata da ba su iya haɗa ido da malami a farkon shekara suna kai rahoto a tsaye, murya a sake, ba tare da sun rasa ladabinsu ba.

An yi zama na musamman kan lissafin magani da bambancin awo, domin wanda ya saba da zazzaɓin digiri 38 a ma'aunin Celsius zai tarar da 100.4 a nan Amurka, inda ake amfani da ma'aunin Fahrenheit, kilo ɗaya kuma fam 2.2 ne. An kuma maimaita darasin kariya daga kamuwa da cuta, kamar takunkumin N95 a ɗakin mai tarin fuka, da wanke hannu da sabulu da ruwa bayan taɓa mai zawon da ƙwayar cutar C. diff ke haddasawa, tunda man goge hannu ba ya kashe ƙwayoyinsa. Gabanin azumi mun tattauna kula da mai ciwon suga da ke son yin azumi, da abin da ake yi idan suga ya gaza 70 kuma mutum na iya haɗiya: giram 15 na abu mai zaƙi, a sake awo bayan minti 15.

Muna taya murna ga waɗanda Allah ya ba nasara bana, Allah ya sa albarka a lasisin. Waɗanda ba su samu ba kuwa, doka ta ce sai bayan kwana 45 za su sake zama, kuma mun roƙe su su kawo takardar da hukuma ke aikowa mai nuna fannonin da suka yi rauni, aka haɗa kowa da malami. Kuɗin wata-wata ya tafi ne a hayar zaure, biyan rumbun tambayoyi na intanet, da tallafa wa wasu da dala 200 na rajista. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi bayan wannan rahoto.

Inda muka gaza shi ne halartar masu aikin dare, da kuma fannin haɗa kai da sauran ma'aikata da raba aiki, wanda a tsarin 2023 ya ɗauki kashi 18 zuwa 24 cikin ɗari na tambayoyi, fiye da kowane fanni, amma muka ba shi zama kaɗan. Kwamiti na ba da shawarar a buɗe zama na biyu da rana a tsakiyar mako, a kuma fara sabuwar shekara da wannan fanni, musamman abin da LPN zai iya miƙa wa mataimakin jinya da abin da doka ta hana shi miƙawa. Muna roƙon waɗanda suka samu lasisi bana kowa ya ɗauki zama ko da ɗaya ne a wata, kuma sakatare zai karɓi sunayensu kafin a tashi.