Tsagewar Jikin Tirela Kusa da Mahaɗa: A Duba Ƙarfe Kafin A Shafa Fila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata matsala da nake yawan cin karo da ita a sana'ata ta walda a nan Amurka, matsalar da take cinye dukiyar mutane, kuma idan aka yi sakaci tana iya kai rai ga halaka. Maganar ta shafi tirelar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda ake ɗora gabanta a bayan a-kori-kura a ja ta. Mahaɗarta ita ce ake kira ƙafa ta biyar, sunan da aka gada tun zamanin keken doki, lokacin da ake kwantar da wani faifan ƙarfe a kan aksul ɗin gaba domin keken ya iya shan kwana. Mafi yawan irin waɗannan tireloli a arewacin jihar Indiana ake ƙera su, musamman a yankin Elkhart.

Duk wanda ya kalli tirelar daga gefe zai ga gabanta ya ɗaga ya miƙe a kan bayan motar, ba tare da taya a ƙarƙashinsa ba. Wannan sashe yana dogara ne a kan ƙusa guda mai kaurin inci 2, wato kimanin milimita 51, wadda wani akwatin ƙarfe da aka ɗaure a shasi yake riƙe da ita, ita kuma take shiga mahaɗar da ke bayan motar. Abin da ke sauka a kan ƙusar yakan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar, saboda haka tirela mai nauyin fam 14,000 tana iya danna fam 2,800 a wurin, fiye da kilo 1,200 ke nan, kuma duk ramin da aka faɗa ko birkin da aka taka da ƙarfi sai ya ƙara a kan wannan. Shasin ƙarfe ne, yana ɗan lanƙwasa ya dawo. Bangon kuwa faiba ce da aka manna a kan siririn katako da soso da firam ɗin alminiyo, ba ya jure lanƙwasa mai yawa. Idan ƙarfen ya fara motsi fiye da ƙa'ida, bangon ne yake fara tona asiri, galibi daga kusurwar ƙofar ɗakin kwanan da ake turowa waje ta gefen tirelar domin ƙara fili idan an tsaya, domin a nan bango ya fi rauni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tirela da wani dattijo ya kawo mana. Tsagar ta taso daga kusurwar wannan ƙofa ta gangaro a karkace, tsawonta bai wuce ɗani ɗaya ba. Sau biyu ana cike masa ita da fila a wani gareji a fesa fenti, sau biyu kuma tana dawowa, ta biyun ma ta fi ta farko tsawo. Da muka kwance marfin da ke rufe ƙasan gaban tirelar muka haska tocila, sai ga wani siririn layin tsatsa kamar zare yana bin gefen walda a inda ƙarfen da ke riƙe akwatin ƙusar ya haɗu da na gefe. Na sa farce na kankare fentin, ya ɓare, tsagar ta bayyana a fili. Manyan sukurorin da ke ɗaure bango da shasi kuma sun saki, uku daga ciki da yatsa na juya su. Wannan bawan Allah ya yi watanni yana jan iyalinsa a babbar hanya da ƙarfen da ya kusa rabuwa, alhali an karɓi kuɗinsa an ce masa an gyara. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Akwai ƙananan nan masu kama da saƙar gizo-gizo da ke fitowa a fatar faiba saboda rana da tsufa, waɗannan gogewa da sabon shafi sun ishe su. Wadda ake gudu ita ce mai buɗewa da rufewa, kuma gane ta ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. A tsayar da tirelar a kan ƙafafunta na gaba a wuri mai daidai, a manna tef a bango da jikin akwatin ƙusar, a ja layi da biro, a auna tazarar. Daga nan a sauke nauyin a hankali a kan motar, wani yana tsaye yana kallo, sannan a sake aunawa. Idan tsagar ta buɗe baki, ko akwatin ya ɗaga ya kusanci jikin tirelar, ko silikon ɗin da ke bakin haɗi ya yage, to ciwon yana cikin ƙarfe. Sauran alamun su ne ƙarar ƙas-ƙas lokacin haɗawa, da ƙofar kabad ɗin gaba da takan ƙi rufuwa da zarar an ɗora tirelar a mota. Inda ido ya kasa, akwai jan ruwan gwaji da ake fesawa a kan walda a goge, a bi shi da farin hoda, sai tsagar ta fito ja zur.

Gyaran kuwa daga ciki ake fara shi. Kafin a kunna injin walda dole ne a fitar da tukwanen gas, waɗanda galibi a gaban tirelar ake ajiye su, a cire batir, a janye wayoyi da soson da ke kusa, a kuma ajiye abin kashe gobara a hannu. Sai a tallafe gaban yadda ƙarfen zai koma mazauninsa na asali, domin idan aka yi walda yana lanƙwashe, a lanƙwashe zai zauna. Ana huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe ta da giranda, a cike da walda mai ratsa kaurin ƙarfen, sannan a ɗora faranti mai tsinin baki biyu a kai tare da tokare a kusurwoyi. Na fi son farantin mai tsini a kan mai kusurwa huɗu, saboda waldar da ta yanke ƙarfe a miƙe takan zama wurin sabuwar tsaga. Bayan an sake ɗaure bangon, an maimaita awon nan an ga motsin ya tsaya, a lokacin ne ya dace a koma kan faiba. A nan ma sai an danna bangon da tafin hannu an ji, domin idan ruwa ya riga ya shiga ta tsagar, katakon ciki ya ruɓe ya saki, kuma fenti ba ya maganin ruɓa.

Masu tirelolin ma suna da nasu kason. Wasu suna cika ma'ajiyar gaba da janareto da kayan aiki ba tare da sun taɓa hawa sikelin da ke tashoshin manyan motoci sun san nauyin da suke ɗauke da shi ba. Wasu kuma suna ɗaura doguwar sanda a ƙusar domin ta shiga wata irin mahaɗa ta daban mai ƙwallon ƙarfe a bayan motar, abin da ke ƙara murɗa shasin, har kamfanoni da dama sukan janye garantinsu a kan haka. Wanda tirelarsa take cikin garanti ya ɗauki hotuna da awo ya kai wa dillali kafin kowa ya taɓa ta da wuta, kuma ya shigar da ƙorafi a hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta tarayya, NHTSA, domin irin waɗannan rahotanni ne suke taimakawa a gano lahanin da ya taso daga masana'anta.

Ina kira ga 'yan'uwana masu gyaran bodi, idan aka kawo muku irin wannan tsaga, ku kwance marfin ƙasa ku leƙa ƙarfen kafin ku kwaɓa fila, kuma idan aikin ya fi ƙarfin kayan da kuke da su, ku faɗa wa mai tirelar gaskiya ya nemi mai walda.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai walda, daga Amurka