Ɗan allon da ke juya hasken lesa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Tun da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a watan Maris na 2024, har harkoki suka tsaya cak a nan Nima, ɗalibaina suke tambayata yadda ake sarrafa hasken da ke ɗaukar saƙonni a cikin irin waɗannan wayoyin, shi ya sa nake roƙon fili in yi bayanin wata na'ura da ba a cika ambatonta ba, wadda ake kira "spatial light modulator" da Turanci.

Wani ɗan allo ne wanda bai fi farcen babban yatsa girma sosai ba, an rarraba fuskarsa gida-gida, a wasu ma har gida miliyan biyu, kuma an shimfiɗa masa ruwan kiristal irin na fuskar kwamfuta. Idan hasken lesa ya sauka a kansa, kwamfuta takan ba kowane gida lantarki daidai gwargwado, sai wani ɓangaren hasken ya ɗan yi jinkiri, wani ya riga shi fitowa. Wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya karkatar da hasken, ko ya raba shi kashi goma, ko ya mai da shi zobe, alhali babu madubin da ya motsa. A ganina, nan abin mamakin yake.

Kamfanonin sadarwa suna amfani da shi wajen aika kowane launin haske zuwa wayar intanet ɗin da zai bi. Masu bincike kuwa sukan riƙe ƙwayoyin halitta da dama lokaci guda da shi, bisa dabarar riƙe ƙananan abubuwa da hasken lesa, wadda ta ba masanin kimiyya Arthur Ashkin kyautar Nobel a 2018.

Jami'ar Cape Coast tana da cibiyar nazarin lesa, ina roƙon ku aika wakilinku can.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Nima, Akra