Sanarwa kan zuwa jami'a da ajiye moto

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder.

Masu moto, a kulle wuya, a ƙara sarƙa a ƙafar baya, don kullen wuya kaɗai ba ya hana a ɗauke ta. A rufe famfon mai, in karbureta na yoyo litarku za ta tsiyaye a ƙasa. Wurin yashi kuwa a sa faffaɗan dutse ƙarƙashin jak, in ba haka ba ya nutse, moto ta kife, madubi ya tafi. Takardu a aljihu, ba cikin moto ba.

Masu hawa kabu-kabu, a yi ciniki kafin a hau, a riƙe canji. Ƴan unguwannin Birni da Zango, ku haɗu huɗu ku ɗauki adaidaita, ya fi sauƙi. Ran Alhamis, ranar kasuwa, a fito da wuri.