Wasiƙa kan jirin da ke ɗibarka in ka juya a gado

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ga saƙonka cewa da zarar ka juya dama a kwance sai ɗaki ya kama juyawa da kai, kafin minti guda kuma ya lafa. Ni dai kunnenka nake zargi.

Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, kusa da katantanwar da ke kama sauti, akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, kowanne ya fuskanci ɓangare daban: na gaba, na baya da na kwance. Ruwa ne cike a cikinsu. A gindin kowanne akwai wani kumburi mai ɗauke da siraran gashi da suka nutse a cikin abu mai yauƙi. In ka waiga, ruwan yakan ɗan yi nawa, sai ya tanƙwara gashin, jijiyar kunne, wadda likitoci ke kira jijiya ta takwas, ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Da wannan labarin ne ido ke tsayawa kan rubutu ko kana girgiza kai.

Ƙarƙashin bututun akwai 'yan jakunkuna biyu, yutirikil da sakul. Su ke auna karkata da tafiya gaba ko sama, saboda an ɗora wa gashinsu ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, waɗanda ido ba ya iya gani. To, tsufa ko bugun kai yakan ɓantare wasu daga yutirikil su faɗa bututu, galibi na baya. Kai ka gama juyawa, su kuma suna ci gaba da gangarawa suna jan ruwa. Kunne na cewa ana juyi, ido na cewa ƙarya ne. Hajijiya ke nan.

Likita zai kwantar da kai da sauri ya duba ko ƙwayar idonka na rawa. In ya tabbatar kunnen dama ne, sai dabarar Epley: kana zaune a juya kanka dama digiri 45, a kwantar da kai rigingine kan ya ɗan rataya, a jira daƙiƙa 30. A juya kan hagu digiri 90, a sake jira. Sannan ka mirgina kan kafaɗar hagu hanci na kallon ƙasa, a jira, ka tashi zaune a hankali. Tsakuwar ake lallaɓawa ta koma jakarta. Maganin jirin da ake sha bai mayar da ita, dusashe alamar kawai yake yi, shi ya sa ba na son a daɗe a kansa.

Amma fa in jirin ya zo da gani biyu-biyu, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tsayuwa sam, kar ka jira, ka wuce asibiti nan take, don yana iya zama shanyewar jiki. Kafin ka ga likita kuma, ka bar hawa tsani.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida mutanen gida.

Naka amini.