Wa Ya Ce Musu Shiruna Yarda Ce?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da kusan kowa ya taɓa faɗawa ciki amma ba kasafai ake rubutu akai ba, wato yadda ake zare wa mutane kuɗi daga katin waya ko asusun banki da sunan wai sun yi rijistar wani abu, alhali ko dai basu ma san sun yi ba, ko kuma gwajin kyauta aka ce musu sai abin ya zarce ya koma haraji na wata-wata.

Sana'ata gyaran waya ce da saka manhajoji, ina da ɗan teburi a kasuwar waya ta Farm Centre nan Kano, saboda haka abinda zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege bane, a hannuna wayoyin suke kwana.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da awara da ta kawo min 'yar ƙaramar wayarta irin mai tocilan nan, ta ce "Ɗan nan duba min ita, ina jin batirinta ne ya fara shan kati, in na sa na ɗari biyu da daddare kafin asuba ya zama saba'in." Na ce Inna batir baya shan kati, kawo in gani. Ina buɗe akwatin saƙo sai ga su jere, duk da Turanci, ɗaya na hasashen wasan ƙwallo, ɗaya na gasar tambaya da amsa wai zata ci miliyan, ɗaya kuma waƙar da mai kira yake ji. Matar da ko Firimiya bata san mene ne ba ita ce ake aiko wa sakamakon ƙwallo kullum ana cire mata kuɗi. Yadda abin ke faruwa kuwa ba wani boyayyen sirri bane, wani ɗan allo ne yake faɗowa kan fuskar wayar ba tare da ka nema ba, kana cikin ƙoƙarin kashe shi ko jikanka na wasa da wayar sai a danna OK, shikenan an ɗaura. Na kashe mata su duka, ta tambaye ni to kuɗin da aka riga aka ci fa, na ce Inna wannan kam sai dai haƙuri.

Mutane suna raina abin ne saboda naira 20 ne, naira 50 ne. Toh a yi lissafi mana, naira 50 kullum a wata 1,500 kenan, a shekara 18,250, kuma wannan sabis ɗaya ne kawai. A ƙasar da layukan waya masu aiki suka haura miliyan 150, ko mutum miliyan ɗaya kacal aka kama a haka ai naira miliyan 50 ce take shiga kowace rana ba tare da an sayar wa kowa abinda yake buƙata ba. Kuma da gangan aka ƙanƙanta kuɗin, don sun san babu wanda zai hau adaidaita ya biya kuɗin zuwa da dawowa ya je ofis ya bi layi akan naira hamsin.

Abin haushin shine dokar tana nan. Tun 2016 hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta fito da lambar 2442, ka rubuta STOP ka tura a daina damunka da saƙonnin talla. A 2018 ta ba kamfanonin layi umarni su daina cusa wa mutum data ko irin waɗannan sabis ɗin ba da yardarsa ba, harda tarar naira miliyan 5 ga wanda ya saɓa. A 2023 da aka haɗe gajerun lambobin da ake dannawa a duk layuka, irin na saka kati da duba kuɗi, suka zama iri ɗaya, aka ware *305# domin tsayar da irin wannan sabis, sannan ga 622 ta kai ƙara wajen hukumar kyauta idan kamfaninka ya ƙi sauraronka. Duk wannan yayi kyau a takarda. Amma ka shiga Kurmi ko Sabon Gari ka tambayi mutane wa ya san *305#, zaka sha mamaki. Tallan garaɓasa yana iso ka har cikin bargo da Hausa tsantsa a rediyo, amma hanyar fita kuma sai a bar ta cikin Turanci da ƙananan rubutu. Kuma fa a farkon 2025 aka amince musu su ƙara kuɗin kira da data da kusan kashi 50 cikin ɗari, muka haɗiye, to aƙalla a bar mana ragowar katin namu mana.

Wannan na masu ƙananan waya kenan. Masu manyan waya kuma da suke ganin su wayayyu ne, nasu tarkon yafi zurfi, don shi ba kati yake ci ba, asusun banki yake shiga kai tsaye.

Zaka sauke manhajar gyaran hoto ko ta cire bango a bidiyo ko ta koyon Turanci, kana buɗewa sai ta tare ka da babban maɓalli mai launi wai gwaji kyauta na kwana 3, alamar da zaka danna ka wuce kuma an maida ita 'yar mitsitsiya a can kusurwa, launinta ya saje da bango, wani lokacin ma sai bayan wasu daƙiƙu take bayyana. Sai a ce saka katin ATM ɗinka, ba za'a cire ko kwabo ba yau. Gaskiya ne, yau ba za'a cire ba. Amma a ƙasa can an rubuta cewa bayan kwana ukun za'a riƙa cire dala kaza duk sati, duk sati fa ba wata ba. Hausawa dai sun ce banza bata kai zomo kasuwa, wanda yace maka kyauta ne amma sai ya ga lambar katinka tukuna ai kasan ba don Allah yake yi ba. Kamar mai kilishi ne ya miƙo maka ɗanɗano a bakin tasha, ka karɓa ka wuce, sai kawai duk ƙarshen wata ya bayyana a ƙofar gidanka da ƙunshi yace tunda baka ce masa kar ya zo ba ai kun yi ciniki.

Kuma ga inda aka fi yin asara: mutane da yawa sun ɗauka in sun goge manhajar daga waya shikenan magana ta ƙare. Wallahi bata ƙare ba. Rijistar tana maƙale da asusunka na Google ko Apple, ko ka sayar da wayar ka sayi wata za'a cigaba da cira. Sai ka shiga Play Store, ka danna hotonka a sama, ka nemo wajen biyan kuɗi inda aka rubuta Subscriptions, nan zaka ga duk abinda ke cin kuɗinka ka soke. Masu iPhone kuma a saitin ne ƙarƙashin sunanka, kuma su ƙa'idarsu sai ka soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Wani ɗalibi ya zo wajena ido ja-jawur, kuɗin rijistar makaranta babansa ya turo masa, kafin ya kai ga biya alat ya shigo an zare wani kaso mai tsoka, yana rantsuwa 'yan damfara ne suka shiga asusunsa. Da muka duba sai ga wata manhajar sikanin takardu da ya gwada tun watannin baya ya goge, can baya katin babu kuɗi shiyasa bata samu cira ba, tana nan tana jira. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya ƙirga irin waɗannan manhajoji guda 204 a shagunan Google da Apple, yace sun tara sama da dala miliyan 400, kaga ba ƙananan ɓarayin unguwa bane.

Wani zai ce ai katin naira baya biyan kuɗin waje. Eh, daga 2022 bankuna da dama sun rufe, wannan ya ɗan kare wasu ba tare da sun sani ba, amma a 2025 wasu bankunan sun sake buɗewa, ga kuma katin dala na intanet da samari ke buɗewa a manhajoji. Da dala tana sama da naira dubu ɗaya, abinda Bature zai ga kuɗin shayi ne, a nan cefanen gida ne.

Kar kuma a ce ƙananan kamfanoni ne kawai. A Amurka hukumar kare masu sayayya ta FTC ta maka kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet a kotu a watan Yunin 2023, tana zarginsa da jefa mutane cikin tsarinsa na Prime, wato rijistar da ake biya wata-wata ko shekara-shekara, ba da cikakkiyar yardarsu ba, sannan wanda yake son fita sai ya ratsa shafi 4, ya danna sau 6, ya tsallake zaɓi 15. A Satumban 2025 suka sasanta akan dala biliyan 2.5, biliyan 1 a matsayin tara, biliyan 1.5 kuma a mayar wa mutane, duk da dai kamfanin bai amsa laifi ba. Kamfanin manhajojin zane na Adobe ma, wanda yaranmu masu zanen fosta da katin biki suka sani sarai, gwamnatin Amurka ta kai shi ƙara a 2024 akan zargin ɓoye cewa tsarin da kake biya wata-wata alkawarin shekara ne, in kace zaka fita a tsakiya sai ka biya rabin abinda ya rage. Can ɗin ma dai ba'a gama ba, don dokar da FTC ta fitar a 2024 cewa dole fita ta zama da sauƙi kamar shiga, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Yulin 2025 kafin ma ta fara aiki sosai.

Wanda yafi burge ni shine na Indiya. Babban bankinsu tun 2021 ya tilasta cewa kafin a cire kuɗin da ke maimaita kansa a katin mutum, dole banki ya aiko masa saƙo aƙalla awa 24 kafin lokacin, ya gaya masa wane ne zai cira kuma nawa ne, ya bashi damar cewa a'a, in kuma kuɗin ya wuce wani adadi sai ya sake tabbatarwa da kansa. Jamus kuma tun Yulin 2022 ta wajabta wa kamfanoni su saka maɓallin soke kwangila a fili a shafinsu. Toh mu me ya hana? Bankunanmu da suke iya turo mana saƙon barka da ranar haihuwa da barka da sallah, kuma suna cire kuɗin alat, zasu gaza turo saƙo ɗaya cewa gobe za'a ciri dubu goma sha kaza, ka yarda ko baka yarda ba? Fasahar tana nan, umarni kawai ake jira daga babban bankinmu CBN.

Nasan masu cewa laifin mutane ne, me yasa basa karantawa kafin su danna. Ban musa ba akwai sakaci, musamman mu matasa da gaggawarmu. Amma Inna mai awara me zata karanta? Kuma shi wanda ya ɗauki ƙwararru yana biyansu albashi don su zauna su tsara allon da zai ruɗe ka, su ƙara girman "na yarda" su rage girman "bana so", ba zai dawo yace kai ne baka lura ba. A addininmu ma ciniki sai da yardar juna, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma ni ban ga yadda mantuwa ko rashin iya Turanci zasu zama yarda ba. Zan so malamanmu su taɓo wannan a wa'azi yadda suke taɓo masu tauye mudu.

Abinda nake roƙo bashi da yawa. NCC ta tilasta cewa duk wani sabis mai cin kati sai an tambayi mutum sau biyu, da harshen da ya zaɓa, kuma duk sati a turo masa jerin abinda ke kan layinsa da lambar kashewa. Hukumar FCCPC da aka kafa don kare masu sayayya, wadda muka ga ta iya cin kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220 a 2024, ta waiwayo kan wannan ma. Wanda aka kama ya cusa wa mutum sabis kuma kar a tsaya a tara kawai ta shiga aljihun gwamnati, a mayar wa mai layin kuɗinsa.

Ku kuma Malam Edita, dan Allah ku ware ɗan akwati a jaridarku ku riƙa buga 2442 da *305# da 622 da bayanin aikin kowacce da Hausa, ko da sau ɗaya ne a wata, masu shirye-shiryen rediyo zasu ɗauka daga wajenku. Sannan ku tura wakilinku ofishin NCC ya tambaye su kai tsaye, daga 2018 zuwa yau kamfani nawa aka ci tarar miliyan biyar ɗin nan, kuma mutum nawa aka mayar wa kuɗinsu. Duk amsar da suka bayar ku buga mana ita yadda take.

Nagode da bani dama.

Naku,
Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano