Wasiƙa daga Biristol

Assalamu alaikum Yaya,

Ya gida ya iyali, ya jikin Baba? Ina fatan Umma da yara duk suna lafiya. Ni ma alhamdulillah, aiki ne dai ba hutu ga sanyi ya shigo, tun ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu.

Ka ce Baba na tambaya kan bidiyon nan da ya gani a waya, mutane suna mirgina mutum-mutumi a titi har suka cilla shi ruwa, ko a garinmu ne. Eh wallahi nan Biristol ne a Ingila, ranar 7 ga Yunin 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd a Amurka. Sunan mutumin Edward Colston, attajiri ne da ya gina makarantu da gidajen marasa galihu a garin nan, shi ya sa a 1895 aka kafa masa shi a tsakiyar birni har da rubutu wai yana cikin ’ya’yan garin mafi nagarta da hikima. Abin da rubutun bai faɗa ba, babba ne a kamfanin Royal African Company da ya kwashi ’yan Afirka kusan 84,000 a matsayin bayi a zamaninsa, maza da mata da ƙananan yara, wajen 19,000 suka mutu a hanya aka watsa su teku, kuma da ƙarfe mai zafi ake buga musu tambarin kamfani a jiki.

Shekaru fa mutane na roƙon a ƙara allo ɗaya kawai mai faɗin gaskiya, a 2018 an fara shirin amma aka yi ta ja-in-ja kan kalmomi har maganar ta bi ruwa. Mutum huɗu aka kai kotu kan faɗo da shi, a Janairun 2022 aka wanke su.

An tsamo mutum-mutumin daga ruwa, na je na gan shi da idona a gidan tarihi na M Shed. Yana kwance rigingine, jan fenti a fuskarsa da hannunsa ba a goge ba, ga allunan masu zanga-zanga a kusa. Yaya sai da jikina ya yi sanyi.

Wani dattijo Bature da muke aiki tare, mutumin kirki ne wallahi, kullum cewa yake an share tarihi, a mayar da shi inda yake, gwamnati ma a 2021 ta ce tsarinta shi ne a bar irinsu a tsaye a yi bayani, kuma a Okusfod mutum-mutumin Cecil Rhodes, wani ɗan mulkin mallaka a kudancin Afirka, har yau yana nan jikin bangon kwaleji. Na fahimci damuwar dattijon don a garin nan aka haife shi ya taso yana jin sunan Colston ta ko’ina. Amma ni ban yarda ba sam, ɗora mutum a sama kowa ya ɗaga kai ya kalle shi ai girmamawa ce, kuma sai da ya faɗi mutane da yawa suka san me ya aikata. A bar shi kwance inda ’yan makaranta za su karanta komai.

Ka karanta wa Baba a hankali. Kuɗin magani in sha Allah ƙarshen wata zan turo, ka gaida min Umma sosai da su Inna.

Ƙaninka.